Maɓallin da Ke Cikin Littafin Mama Tela

Shekara talatin da ɗoriya Mama Tela ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan ɗaki da ke bakin layi, tsakanin Dogo mai gyaran takalma da wata mai sayar da sabulu. Ɗakin ba shi da wani girma: keke a jikin taga, teburin yanka, benci guda na masu jira, sai buhun ƙyallaye a bayan ƙofa. A nan ta ɗinka rigunan mawaƙan coci har sau huɗu, a nan ta reni 'ya'ya uku, a nan kuma aka zo aka gaya mata rasuwar maigidanta, allura na bakinta.

Mace ce mai tsoron Allah, sai dai tana da hanyarta ta neman shawararsa. In abu ya shige mata duhu, sai ta wanke hannu, ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na marigayi, ta tsayar da shi a kan tebur, ta rufe ido, ta sake shi. Inda ya buɗe, to nan Ubangiji ya yi magana. Abin mamaki, tun bayan rasuwar mutumin wuri ɗaya yake buɗewa: inda aka ce wa wani bawan Allah ya tashi ya bar gidan ubansa ya tafi.

Ita kuwa ba ta taɓa musu ba. Ranar da take ta jan ƙafa wajen duba wata mata da ta taɓa zaginta a kan ɗinki, littafi ya ce tashi, ta tashi ta tafi asibiti. Lokacin da suka shekara biyu ba sa ga-maciji da ƙanwarta, ya ce tashi, ta ɗaura ɗankwali ta je ta ba da haƙuri, alhali ita ce babba.

"Ni dai Allah ba shi da wata magana da ni sai tashi," takan ce tana dariya. "Ya san ni da nauyin jiki."

Ana nan, ran wata Litinin, sai Auta ta bugo waya, wato 'yarta ta ƙarshe da ke aure a wani gari mai nisa.

"Mama, idonki ya gaji. Zare ma sai an zura miki. Ki rufe shagon nan ki dawo wurinmu. Ranar Asabar za mu zo da mota."

"Wa ya ce miki ana zura mini zare?"

"Mai sabulu."

"Wannan bakinta ya fi sabulunta kumfa."

Maganar ido gaskiya ce, ta sani. Amma a ce ta bar kekenta ta je ta zauna gidan suruki kamar kayan wanki, ana ba ta abinci ana tambayarta ko ta sha magani? Ta wanke hannu, ta saki littafi. Tashi. Ta sake. Tashi. Ta juya shi ta ɗaya gefen, ta saki a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Tashi dai.

Karon farko ke nan da kalmar ta ƙi zama mata a zuciya. "Ubangiji," ta ce, "in kai ne, me ya sa raina ya ƙi? In kuma taurin kaina ne, ai kai ka san da shi tun kafin a yaye ni."

Washegari mai sabulu ta leƙo da labari. Wai ta yi mafarki ta ga keken Mama Tela a kan ruwa yana tafiya.

"Kin ga, tafiya ke nan, Yaya. Allah ya nuna."

"Tafiya yake ko nutsewa?"

"To, ban tsaya na gani ba, zakara ya tashe ni."

Ran Laraba Mama Tela ta je wurin Fasto, wanda ita ta ɗinka masa rigar makaranta yana ɗan ƙarami. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce Allah kan yi magana ta cikin Maganarsa, da ta bakin mutane, da kuma ta salama a zuciya.

"Ɗana," ta ce, "Maganar ta ce tafi. Mutane sun rabu biyu. Salama kuwa tun Litinin ban ga ƙeyarta ba."

Fasto ya sosa kai. Ya ce mata cikin ladabi Littafin ba ƙuri'a ba ne, karanta shi ake yi daga farkon zance zuwa ƙarshensa. Ta gyaɗa kai, suka yi addu'a, ta fito ta fi yadda ta shiga rikicewa.

Ran Juma'a ta lura bangon littafin ya kusa rabuwa da jikinsa. Ko tafiya ko zama, ai a gyara. Ta miƙa wa Dogo, shi da ke da gam da zare mai ƙarfi. Ya juya shi, ya latsa bayansa da babban yatsa, ya ɗaure fuska. Ya sa basilla ya ɗan tona, sai ga wani maɓalli ruwan ƙasa ya faɗo kan cinyarsa.

"Mama Tela, ga abin da ya karya masa baya. Da wannan a ciki, ko akuya ce ta sake shi, nan zai buɗe."

Ta karɓa. Ta gane shi. Maɓallin kwat ɗin marigayi ne na zuwa coci. Ita da kanta ta jefa shi cikin littafin don kada ya ɓata, da niyyar mayarwa, a makon da ciwo ya kwantar da shi.

Ta koma ta zauna a benci, ba ta taka keke ba ranar. Shekara goma sha ɗaya! Ashe maɓalli ne ya aike ta asibiti? Maɓalli ne ya sasanta ta da ƙanwarta? To amma matar nan ta asibiti ta riƙe hannunta ta yi kuka, kuma kwana uku bayan haka ta cika. Wannan ma maɓalli ne? In Allah ya ga dama, ba zai iya aiken maɓalli ba? In kuwa haka ne, me ya sa ya bar Dogo ya cire shi ana gobe mota za ta zo?

Da Dogo ya kawo littafin a gyare, ta kasa haƙuri, ta sake shi sau ɗaya. Ya buɗe a wani shafi da ba komai sai jerin sunaye, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane.

"Ni da na bar haihuwa tun yaushe," ta ce, ta rufe.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a bakin layi. Mama Tela ba ta haɗa ko tsinke ba, ta shirya cewa a'a. Suruki ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Sai Auta ta fito a hankali, tana dafe da ƙofar mota.

Idon da ba ya ganin kafar allura bai kasa ganin wannan ba. Ƙafafun yarinyar sun kumbura. Rigar jikinta, wadda Mama Tela ta ɗinka mata bara, an farke ta a gefe an ƙara wani ƙyalle da ɗinkin hannu karkatacce, a wuya kuma fil ne ke riƙe da ita. Shekara shida Auta na aure, ciki biyu sun zube, ga na uku ya tsufa, kunya da tsoro sun hana ta faɗa.

"Wa ya yi miki wannan ɗinkin kamar tafiyar kaguwa?"

"Ni ce, Mama." Ta sunkuyar da kai. "Idon naki ya yi sauƙi?"

"Idona ne ya dame ki, ko?"

Sai hawaye suka zubo wa Auta.

Shafin jiya na wane ya haifi wane ya faɗo wa Mama Tela a rai. Ga maganar Fasto cewa ba ƙuri'a ba ce, ga maɓalli a ƙulle a bakin zanenta, ga mafarkin da zakara ya katse. Ta rasa wanne za ta kama. Yarinyar dai ga ta a tsaye, ƙafa a kumbure.

"Dogo! Zo ku kama keken nan da surukina. A hankali, ya girme ku."

Dogo ya zo yana murmushi. "To Mama Tela, a ƙarshe wa ya yi maganar? Allah ko maɓalli?"

"Kai dai kama ƙafar keke da kyau. In na gane zan aiko maka."

Ta zaunar da Auta a benci, ta cire fil ɗin wuyan rigar, ta kwance bakin zanenta ta fito da maɓallin. Sannan ta miƙa mata allura da zare.

"Ungo, zura mini."