Wanda Baba Ya Goya

A daminar 1993, wata Laraba da hantsi, ina surfen masara a tsakar gidanmu a Barade, sai wani soja mai ƙafa ɗaya ya yi sallama. Sanduna biyu a hammatarsa, jakar Baba rataye a wuyansa. Mama ta ga jakar, ta zauna a ƙasa. Ni ko taɓarya ban ajiye ba.

Shekarata tara a lokacin. Baba kofur ne, kusan shekara biyu ke nan da tura su Laberiya. Kafin ya tafi, duk hutun da ya samu gona muke zuwa, hayin kogin Lamurde, inda muke noma doya. In ruwa ya cika sai ya goya ni, fartanya a hannu ɗaya, yana cewa, "Kar ki kalli ruwa, kalli gaɓa." Ranar tafiyarsa ya ce in ya dawo, da kansa zai kai ni makaranta. Na yi ta jira. Sa'o'ina suna wucewa da safe da littattafai a leda, ni ina ɗiban ruwa, ina kai gyaɗa kasuwa.

Sojan, Hammadu sunansa, ya ba da labari kansa a sunkuye. An rutsa da su a bakin wani kogi, ana ta harbinsu daga daji. Harsashi ya farfasa masa gwiwa, masu sauran lafiya duk sun haye. Baba ne ya koma cikin wutar nan, ya goya shi, ya ƙetare da shi. Ya sauke shi, ya koma ɗauko na biyu. Bai dawo ba.

"Ina bayansa ina ihu," in ji Hammadu, "sai ya ce kar in kalli ruwa, in kalli gaɓa."

Maƙwabta suka cika gida, kowa na cewa Baba namiji ne. Na matsa kusa na ce, "Kawu, bai ce komai kan makarantata ba?" Ya dube ni ya ce, "Bai samu lokaci ba, 'yata."

Na koma na gama surfen, don dole a ci tuwo.

Har yau ban taɓa zama a aji ba. Hammadu yana raye, har da jikoki, kowace Kirsimeti yakan aiko mana da zakara. Gonar ta zama gidaje. Yarana ta kan gada suke zuwa makaranta, ba sai an goya su ba. Ban ji haushin Baba ba, ban kuma iya yin kuka ba. Amma in na bi ta Lamurde, har gobe gaɓa nake kallo.