Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

A filin dillalan motoci na Ƙofar Ruwa, wani mutum yana tsaye tsakanin motoci biyu 'yan Kwatano. Shaddarsa sabuwa fil, takalminsa kuwa ya sha ɗinki. Da gani, mulkin farar hula ne ya samar masa aiki a ƙaramar hukuma, don sai maganar zuwa Bichi kullum yake.

Dillali yana bubbuga farar, mai dizal. "Wannan ba ruwanta da shan mai, Malam Nazeer. Sai dai ƙara kamar injin niƙa."

Nazeer kam hannunsa na kan jar, mai fetur, mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Har ya ɗauko mahaifinsa daga Gwammaja ya sa mata albarka, tunda shi zai riƙa sauke tsohon a kasuwa kowace safiya.

Tsohon ya dafa ƙofa ya sunkuya zai shiga. Gwiwa ta ƙi. Hularsa ta bugi rufin, ta faɗa cikin baƙin mai. 'Yan kallo suka kau da kai.

"Ta yi kyau, Allah ya tsare," in ji shi, yana haki. "Ni dai bar ni da ɗan acaɓana."

Nazeer ya tsuguna ya ɗauki hular, ya kasa ɗagowa. Daga tsugunen ya ce da dillali, murya ƙasa-ƙasa, "Tayar mana da farar."