Usur ɗin da na busa a Makarfi

Ban taɓa mantawa da ranar gasar guje-guje ta makarantun shiyyarmu ba, lokacin ina malamin motsa jiki a wata sakandare a Makarfi. A filin makarantarmu aka yi ta, a zangon karatu na biyu, kuma a ranar ake zaɓen waɗanda za su je gasar jiha.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ƙa'ida ita ce ba a sakin ɗan tsere jikinsa a sanyaye. Sai ya yi sassarfa ta kusan kwata har gumi ya tsattsafo, ya miƙe cinyoyi da ƙwauri, sannan ya hau layi. In ya zauna ya daɗe, sai an sake daga farko.

Ina da wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe, Hamisu, daga Gazara. Shekara biyu muna atisaye da shi kullum kafin a shiga aji. A mita ɗari babu mai ganin ƙurarsa daga Ikara har Kudan.

Ƙarfe goma na sa yara suka ɗumama jiki. Babban baƙo bai zo ba. Aka zaunar da su a ƙasa, sahu-sahu, don ya tarar da fili a kintse. Sai bayan azahar motarsa ta shigo, aka ce yana da wani taro a Kudan, wasan ƙarshe na mita ɗari kawai zai kalla.

Na je wurin shugaban makarantarmu na rusuna. "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma. Awa uku ke nan yaran nan suna zaune."

Ko kallona bai yi ba. "Malam Lawal, kai za ka ce wa Yallaɓai ya jira? Je ka busa."

Na koma na jera su. Hamisu ya ce, "Malam, ƙafata ta yi nauyi." Na ce masa ya daure. Na busa.

Ya wuce rabi yana gaba, sai na ga ya dafe bayan cinyarsa ya kife. Tsokar ce ta yage. Yallaɓai yana waya a lokacin. Da ya gama ya tafa wa wanda ya ci, ya shiga mota.

A asibiti aka ce hutu da gashi da ruwan ɗumi, sannan atisaye a hankali. Mahaifinsa ya ga abin zai ja lokaci, ya kai shi wurin mai ɗori, aka ja ƙafar da ba ta karye ba. Bayan mako guda shugaba ya aiko mini da takardar tuhuma, wai na yi sakaci da lafiyar ɗalibai. Na amsa, aka sa a fayil ɗina.

Yanzu Hamisu lodin rake yake yi a kasuwa, yana ɗingishi. In ya gan ni sai ya durƙusa ya gaishe ni, bai taɓa tayar da maganar ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani manya suna son kofin gasa amma ba sa son jiran gumi, kuma in abu ya ɓaci ƙaramin ma'aikaci ake nema. Sai dai ban wanke kaina ba. Shugaba umarni kawai ya bayar. Ni na san abin da zai iya faruwa, kuma a bakina usur ɗin yake.