Akwatin Sabon Gari da na yi wa kawuna alkawari

Shekarun baya, kawuna ya tsaya takarar kansila. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya ba ni rumfar atamfa a kasuwar Kwari, don haka da ya ce in kula masa da ɓangaren Sabon Gari, ban yi musu ba. Dalilinsa ɗaya ne, wai ina da aboki Ibo da muka yi sakandare tare. Ni kuwa har na fara jin kaina masanin siyasa.

"Ba wani aiki ba ne," in ji kawu. "Tun zamanin babanka akwatin nan jam'iyyarmu yake bi. Ka je dai su ga fuska."

Abokin nawa a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa fita. Ya haɗa ni da mahaifiyarsa, wadda muke kira Mama, mai sayar da manja da garin kwaki, kuma shugabar matan cocinsu. Ranar Lahadi da yamma ta tara mini su a tsakar gida. Na miƙe na zuba jawabin da na haddace a cikin adaidaita: zaman lafiya, 'yan'uwantaka, za a kare musu dukiya. Suka tafa.

Sai Mama ta ce, "Ɗana, ka ji rediyo kuwa? Masu hasashen yanayi sun ce daminar bana da wuri za ta sauka, kuma da ƙarfi. Bara ruwa har gwiwa ya shigo mini shago, buhu nawa na zubar. Me kawunka ya ce a kan kwatar layinmu?"

Wallahi ban san da wata kwata ba. Na dafa hula na ce, "Ai ruwa na Allah ne, Mama."

"Ruwa na Allah ne," in ji ta. "Yashe kwata aikin kansila ne."

Aka yi dariya, aka kawo mini lemo. Na koma unguwarmu Fagge na ce wa kawu komai ya tafi daidai, har tafi aka yi mini. Maganar kwata na ambace ta a ƙarshe, ya ce a tuna masa bayan zaɓe. Na buga ƙirji na ce akwatin nan ya sa shi a aljihu.

Ranar zaɓe ina tsaye aka ƙirga. Kawu bai zo na ɗaya ba. Babban abokin hamayyarsa da muke tsoro ma bai zo ba. Wanda ya lashe akwatin wani malamin firamare ne mai ritaya, Babarbare da ya tsufa a unguwar, wanda ba mu taɓa sawa a lissafi ba. Ashe duk Asabar yana fitowa da shebur tare da maƙwabta suna yasar kwatar. Da aka haɗa sauran akwatuna, kujerar ta kuɓuce wa kawu da ƙuri'u kaɗan.

Na nufi shagon abokina raina a ɓace.

"Ni kawunka na zaɓa, saboda kai," ya ce. "Mama ta zaɓi Malam. Ƙanwata kuma wancan ɗayan, ta ce shi kaɗai ya yi maganar aikin yi."

"Gida ɗaya?"

"To ku a gidanku duk abu ɗaya kuke so?"

Na juya na koma gida. Kawu ya daina amsa gaisuwata da kyau, yana ganin ko dai na yi masa ƙarya ko an yi mini wayo. Ni kaina ban san wanne ne ba. Sai da mahaifiyata ta sa baki a ƙaramar Sallah muka shirya.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, daminar ba ta zo da wuri ba a unguwarmu. Na je wa Mama da tsokana. Ta ce ko ɗigo bai sauka ba, ba ta yi nadama ba, domin mutumin ya saurare ta kafin ya nemi ƙuri'arta.

Har yau ban iya karanta zaɓe ba, na ma daina gwadawa. Amma idan lokaci ya zo aka zauna a bakin rumfa, wani ya ce tunda na san su, wa mutanen Sabon Gari za su zaɓa, sai in tambaye shi: wanne daga cikinsu?