Sista Dakata, Wadda Ta Wanke Matata Daga Zargin Lalaci

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da ita a ɗakin awo na ƙaramin asibitinmu. Ta goge tebur, ta ɗan harbi ma'auni don ya dawo hayyacinsa, ta maƙala agogo a ƙirji, sannan ta buɗe ƙofa. Sista Dakata muke ce mata, domin in ta tambayi maras lafiya, mai rakiya ya buɗe baki zai amsa, sai ta ɗaga tafin hannu ta ce, "Dakata." Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma yabon gwani ya zama dole.

Tana da wata dabara da maza ba sa ganewa sai sun afka. In ta ga miji ya cika baki, sai ta miƙa masa kati ya kai can ƙarshen baranda a buga hatimi. Mai hatimin ya san zancen. Zai nemi tawada, ya nemi tabarau, ya tambaye ka lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka dawo, matarka ta faɗi ciwonta da bakinta.

Ni ma na sha wannan aike. Bara waccan mai ɗakina ta canza mini. Matar da ta shekara arba'in tana riga zakara tashi, sai ga ta tana gyangyaɗi da tsintsiya a hannu. Ana zafi kamar a maƙera, ita tana cikin rigar sanyi. Cinta bai kai na kyanwa ba, amma zane ya daina zagaya ta. Na ce lalaci ne. Na faɗa gaban 'ya'ya, na faɗa gaban surukai, har ta ɗaure kayanta za ta koma gidan ƙanenta, ƙarfin ɗaga ƙunshin ne kawai ya gagare ta. Na kai ta asibiti don a shaida mini lafiyarta ƙalau.

"Mama, me ke damun ki?" in ji Sista.

"Son jiki ne kawai," na ce.

"Dakata. Baba, ga kati, a bugo mana hatimi."

Kafin in dawo Sista ta ji abin da ban taɓa tambaya ba: gashi na zuba a mataji, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, ga mantuwa. Ta shafa gaban wuyanta, ta ƙirga bugun zuciya, ta tura ta wurin likita aka ɗebi jini.

Ranar sakamako likita ya yi ta bayani, ban kama ko ɗaya ba. Sista ta zaunar da ni.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Ƙira."

"In mai zuga ya gaji, yaya wuta take yi?"

"Kwanciya take."

"Sai ka hau zagin gawayi?"

"A'a," na ce.

"To, a gaban wuyan kowa akwai wata 'yar halitta, tayiroyid likitoci ke ce mata. Ita ke zuga wutar jiki. Ta Mama ta yi rauni, sinadarin da take fitarwa bai ishe ta ba. Ba lalaci ba ne, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa."

Mai ɗakina ta ce, "Sista, maimaita masa na farkon, na lalacin. Kunnen nan nasa na hagu guduma ta cinye shi."

Maganin ƙwaya ɗaya ce, ba ta kai wake ba. Na raina ta, na manta komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Da sassafe ake sha, da ruwa zalla, a jira rabin awa kafin karin kumallo, ana kuma komawa awon jini don a daidaita ta. Wata na biyu aka cire rigar sanyi. Na uku murya ta dawo, a kaina ta fara sauka.

Maƙwabciyarmu tela ma ciwonta ke nan. Da ta ji sauƙi sai ta jefa maganin a ƙasan akwati. Sista ta taka har shagonta, ta zauna kan kujerar keke ta ce ba za a yi ɗinki ba sai an fito da shi. Masu jiran kaya suka taya ta. Sista ta ce mata, "Sauƙin nan na ƙwayar ne, ba naki ba. Yawanci abokiyar zama ce har ƙarshen rayuwa."

Sista Dakata, ke ce mai kunnen da ya fi na'ura. Ke ce kika san mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, kika hana mu amsa tambayar da ba tamu ba. Ba ki da ofis mai labule, amma gidaje nawa kika ɗinke? Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma matasan da za ku gaji teburinta, ku gaji haƙurinta na sauraro. Maza 'yan'uwana, in kun ga mai himma ta kwanta, ku nemi awon jini kafin ku nemi laifi.

Mai ɗakina ta kwance kayanta, amma da sharaɗi: abin da aka faɗa a gaban mutane, a gaban mutane ake janye shi. To, ku shaida. Matata ba raguwa ba ce. Ciwo ta yi shekara guda tana ɗauke da shi, ta haɗa da bakina, kuma ta ce bakin ya fi nauyi.