Kaskon Baba Toma

Baba Toma ba ya iya zama, duk wanda ya san shi ya san haka. Da sassafe zai baro Morris Heights, ya hau jirgin ƙasa, ya sauya bas, ko da kujera a tsaye yake, riƙe da ƙarfe, har a tsallaka gadar City Island. Yana shiga kicin ɗin gidan abincin da yake aiki a bakin ruwa, kafin ya gaisa da kowa sai ya je lungunsa ya buɗe kaskon suyarsa, ya sunkuya ya shinshina man. In ya ji daidai, sannan yake da bakin gaisuwa.

Mu Hausawan da ke ci-rani a nan, in zafi ya shigo, hutunmu bakin teku ne. A rufe teburin sayar da kaya a Canal Street ranar Lahadi, a cika mota da yara, a je a sha iska a ci kifi. Kuma da wani tunani muka zo daga gida: kifi ba ya buƙatar yanka, saboda haka duk inda aka gan shi, bismilla kawai. A kan wannan muka daɗe muna ci, hankali kwance.

Toma Kirista ne, ɗan Kafanchan. Wata Lahadi ya jiyo Hausa ta tagar miƙa abinci. Alhaji Mahaman ne mai jakunkuna da iyalinsa, an ajiye musu faranti. Toma ya bar wuta ya fito, gumi na zuba.

"Alhaji, dakata tukuna. Ƙullun da ake tsoma kifin nan da giya ake kwaɓa shi. Man kuma ɗazu aka soya alade a ciki."

Mahaman ya dubi farantin, ya dube shi. "To ai kifi ne, malam."

"Kifi ne kafin ya shigo kicin ɗinmu."

Ba wanda ya aike shi, kuma maganar tana iya cin aikinsa. Washegari ya tari mai gidan abincin, ya ce a ba shi lungu da kasko ɗaya, mai daban, ƙullu daban, ba giya ba alade. Maigidan ba malami ba ne, amma ya ga yawan yaran da muke zuwa da su. Ya yarda.

Hajiya Halimatu, 'yar Maraɗi, ta ga abin da ya faru wata rana da layi ya kai har waje. Wani ma'aikaci cikin sauri ya tsoma kwandon alade a kaskon, ya cire nan take. Ba wanda zai sani. Toma ya kashe wuta, ya juye man gaba ɗaya, ya tsaya yana gurzar kasko, mutane na gunaguni, manaja na tsaye a kansa. Hajiya ta leƙa ta ce, "Baba, yara fa sun fara kuka." Bai ɗago ba ya ce, "Gara su yi kuka, Hajiya."

Kai ne, Baba Toma, ka tsare mana abin da ba addininka ne ya ɗora maka ba. Mai hanci kamar na mai sayar da turare, mai ƙafar da ba ta san kujera ba. Yaranmu da ke amsa mana da Turanci sun san kalma ɗaya da ba sa juyawa: kasko.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi. Likita ya ce ya ajiye aiki, matarsa Filomina ta ce in bai ajiye ba ita za ta zo ta ɗauko shi. Amma tun da aka sa rana barci ya ƙaurace masa, domin ɗan maigidan da ya karɓi gidan ya ce lungun nan yana cin wuri. In ba wanda zai tsaya a kai, kuma ba masu nemansa da suna, za a fitar da kaskon. Toma ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Abiba ce ta amsa, 'yar Zongon Kumasi mai yanka kifi, ya kwashe watanni yana koya mata, yana faɗa, yana sake koyawa.

Ranar sallamarsa muka cika teburan waje, muka zaunar da shi yana fuskantar ruwa, wurin da bai taɓa zama ba duk shekarun nan. Bai kalli ruwan ba. Ƙofar kicin yake kallo, yana jijjiga ƙafa. Ya miƙe.

"Baban Aminci, ina zuwa?" in ji Filomina.

"Hannu zan wanke."

"Ka wanke ɗazu. Zauna."

Ya zauna, ya sake miƙewa, Mahaman ya danne masa kafaɗa. Sai ga Abiba da faranti. Toma ya sunkuya ya shinshina, ya ɓare kifin, ya duba cikinsa, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji shi.

"Baba, da hannunka ka auna min shi da safe."

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya cinye har ƙaya ya tsotse, ƙafar kuma ta daina rawa.

Mun gode, Baba Toma. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya saka maka da abin da ya fi godiyarmu. Wanda yake aiki inda ba ido a kansa, ya yi koyi da mutumin nan. Sauran kuma yana wuyanmu: in kun je bakin ruwa bana, kada ku yi shiru ku nuna hoton abinci da yatsa. Ku ɗaga murya yadda ɗan maigidan zai ji daga ofis, ku ce na kaskon Toma kuke so.