Mutum-mutumin da Aka Hana Tafiya

Yayana Idi mai gyaran rediyo ne a kasuwar Yauri, can gefen da ake sauke kifi. Da wayar hannu ta shigo, mutane suka daina kawo gyara, matattun rediyoyi suka taru a rumfarsa har ba wurin sa ƙafa. Wani da sai ya koma su ko noma. Shi kuwa sai ya hau farke su yana ciro 'yan injinan da ke juya kaset, yana haɗa su da gwangwanin madara da ƙwan tocila, yana ƙera mutum-mutumi. Akwai mai ɗaga hannu, akwai mai kaɗa kai, akwai wani mai tuƙa ɗan kwalekwale a cikin daro. Duk ya jera su a kan katako, kullum da safe sai ya goge su kafin ya karya.

Ni ina sayar da bandar kifi kusa da shi, saboda haka duk dariyar da ake yi masa a kunnena take sauka, kuma tana yi mini ciwo. Sau da yawa nakan ce masa, "Yaya, gemu hwari hwat kana wasan yara?" Sai ya ce, "Barakatu, bari sai na yi wanda ka tahiya da ƙahwa tai, sannan ki yi magana."

Burinsa ke nan, guda ɗaya tak: mai tafiya da ƙafa biyu. Sai ga shi hannunsa ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba, daga baya dalma ta riƙa ɗiga inda bai nufa ba. An je asibiti, an ce ciwon ba ya komawa baya. Shi ma ya san aikin da ya rage a hannun nan bai wuce ɗaya ba.

Ana haka wani manomin shinkafa daga Shanga, Nasiru, ya aiko direba da saƙo: ya ji labarin mai yin mutum-mutumi, yana son babba, mai tsayin mutum. Ranar na ga yayana yana dariya har da hawaye. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa yana so.

Rani guda ya kwashe a kansa. Ƙarfen tsohon keke ya zama ƙafafu, kwanon rufi ya zama ƙirji, batirin babur ya zauna a ciki. Inda hannunsa ya ƙi tsayawa sai ya danne shi da ɗayan, ya ƙone yatsunsa ba adadi. Ni ce mai shafa masa man kaɗanya ina faɗa, shi ko a jikinsa.

Da shinkafa ta fid da kai, Nasiru ya zo ɗauka. Yaya ya sa aka share gaban rumfa, ya haɗa waya. Abin ya girgiza, ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye, ya jawo ta hagu. Ya taka, wallahi ya taka, har bakin kwandon kifina. Masu dariya suka yi tsit.

Nasiru ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, tahiya shikai? Ai ni na korar tsuntsayen nan jan-baki nika so. In yab bar gona, wa ka tsare min shinkahwa? Ba a iya tsai da shi wuri guda?"

A lokacin na gane. Da abin da yayana yake ƙerawa, da tsumman da ake rataya wa sanda a gona don tsorata tsuntsaye, duk mutum-mutumi muke ce musu. Raina ya ɓaci, na tashi zan wanke bawan Allahn nan tas, alhali bai yi laifin komai ba. Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, "Ana iyawa. Ko banza kai ɗai kat taɓa tambaya."

Ya ɗauko almakashi. Hannun yana rawa, sai da ya yi ta lalube kafin ya kama wayar ƙafafun. Ya datse ta da kansa.

Tun daga ranar bai sake kunna wutar dalma ba. Yanzu ko kofi sai an riƙe masa, ƙananan kuma suna nan a kan katako, tsatsa tana cinsu.

Kwanaki na je biki Shanga, na bi ta gonar Nasiru. Mutum-mutumin yana nan a tsakiyar fadama, an ɗaure shi a turke, an sa masa tsohuwar riga da malafa, jan-baki sun jeru a kafaɗarsa. Da na dawo Yaya ya tambaye ni, "Kin gane shi?"

Na ce na gan shi.

Ya ce, "Shina tsaye?"

Na ce, "Shina tsaye, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya don su daina rawa.